Sinadarai masu tashi daga jikin ɗan Adam

Sinadarai masu tashi daga jikin ɗan Adam ƙananan sinadarai ne masu ɗauke da kabon, waɗanda ke zama tururi cikin sauƙi ko da ba a ɗumama su ba. A Turance ana taƙaita sunansu da VOC. Suna fita ta numfashi, gumi, fitsari, bayan gida, yawu da nono, kuma su ne tushen mafi yawan warin jiki. Cuta kan sauya irinsu da yawansu, shi ya sa masana ke nazarin su domin gano cututtuka ba tare da ɗibar jini ko tiyata ba.

Tushensu

Wasu daga cikinsu jiki ne ke samar da su yayin sarrafa abinci, kamar asiton da aisofirin. Wasu ƙwayoyin bakteriya na hanji, baki da fata ne ke fitar da su. Sauran kuwa daga waje suke shiga, ta abinci, magani, hayaƙin taba ko gurɓatacciyar iska. Idan sun shiga jini sai su isa huhu, su fita tare da numfashi. Wani nazari da aka wallafa a 2014 ya lissafa sinadarai 1,840 a jikin masu lafiya, 872 daga ciki a numfashi.

Tarihi

Tun zamanin Hippocrates likitocin Girka ke sunsunar numfashin majiyyaci. Binciken zamani ya fara ne a 1971, lokacin da Linus Pauling da abokan aikinsa a Amurka suka gano sinadarai kusan 250 a numfashi ta amfani da na'urar rarrabe iskar gas. A 1989 wasu likitoci biyu a Landan suka ruwaito labarin wani kare da ya matsa wa wani tabo a ƙafar mai shi da sunsuna, daga baya aka gano sankarar fata ce.

Alamomin cututtuka

Idan insulin ya yi ƙaranci sosai a jikin mai ciwon sukari, jiki kan koma ƙona kitse, asiton ya taru a jini, numfashi ya riƙa ƙamshi kamar na 'ya'yan itace. Wannan alama ce ta haɗari da ke buƙatar asibiti nan take. Ciwon hanta mai tsanani yana sa numfashi wari saboda sinadarai masu sulfa. Akwai kuma wata cutar gado da ke sa jiki ƙarnin kifi, sakamakon matsala a ƙwayar halittar FMO3.

A 2018 wani bincike kan yara a Kenya ya nuna cewa ƙwayar zazzaɓin cizon sauro tana ƙara wasu sinadarai a fata, waɗanda ke daɗa jawo sauro. A Tanzaniya, ƙungiyar APOPO tana horar da gafiyoyi su gano tarin fuka a majinar ƙirji. A Jami'ar Manchester kuwa an gano alamun cutar Parkinson a maiƙon fata, bayan wata tsohuwar ma'aikaciyar jinya, Joy Milne, ta lura da sauyin warin jikin mijinta shekaru kafin a tabbatar yana da cutar.

Hanyoyin aunawa

Ana tara numfashi a cikin jaka ko bututu, a rarrabe sinadaran, sannan a tantance kowanne ta nauyin ƙwayoyinsa. Akwai kuma na'urar da ake kira hancin lantarki, wadda ke gane tsarin warin baki ɗaya. A Afrilun 2022 hukumar abinci da magunguna ta Amurka ta ba da izinin gaggawa ga wata na'ura mai gano COVID-19 ta numfashi cikin ƙasa da minti uku.

Ƙalubale

Yawancin sinadaran ba su wuce kashi kaɗan cikin biliyan na iskar da aka fitar ba. Abinci, azumi, motsa jiki, shekaru da iskar ɗakin gwaji duk suna sauya sakamako, kuma sinadari ɗaya na iya bayyana a cututtuka da dama: asiton, alal misali, yana ƙaruwa ga mai azumi lafiyayye. Saboda haka akasarin waɗannan gwaje-gwaje suna matakin bincike ne, ba su maye gurbin gwajin jini ko hoton asibiti ba.