Tarihin Motar da Ba Ta Shan Mai

Kuna ji a rediyo ana cewa an ƙera mota wadda ba ta shan mai, sai wutar lantarki. Ana kuma cewa akwai wadda take tafiya ba direba. In zancen ya tashi a tasha, wani ya ce ƙarya ce, wani ya ce ai baɗi warhaka ita za mu shiga zuwa Maraɗi. Duka biyu ba su faɗi daidai ba. Bari mu bi labarin tun daga tushe.

Motar lantarki ba sabuwa ba ce. Ta girmi kakanninmu. Kun san shekara ta 1899, shekarar da Kaftin Voulet ya ratso ƙasar nan yana ƙone garuruwa, har sojansa suka kashe shi wajen Maijirgi. To, a cikin watan Afrilu na shekarar nan, can kusa da birnin Paris, wani mutumin Beljiyam mai suna Camille Jenatzy ya yi gudun fiye da kilomita 100 a awa ɗaya. Kafin shi babu motar da ta taɓa yin haka. Motar tasa kuwa ta batir ce.

A wajen 1900, cikin motoci uku da ke yawo a Amurka, kusan ɗaya ta lantarki ce. Mutanen birni sun so ta ƙwarai. Ba hayaƙi, ba ƙara, ba wari. Motar mai kuwa sai an juya mata ƙarfe da hannu kafin ta tashi, kamar yadda ake tada injin niƙa. In ƙarfen ya dawo baya, yana iya karya hannun mutum.

To, me ya kada ta?

Manoma ne suka kada ta. Batir na zamanin na darma ne, ga nauyi, ga saurin ƙarewa. In ya ƙare, sai an jona shi da wuta awoyi da yawa. Wutar kuwa a birni kaɗai take. Har 1935, cikin gidajen gona goma na Amurka, ɗaya ne kawai ke da lantarki. Ana cikin haka, a 1908, Henry Ford ya fito da motarsa mai shan fetur, wato esansi. Mai ƙarfi ce, tana bin hanyar ƙauye, kuɗinta kuma yana ta sauka. Kafin 1927 ta ƙare an yi guda miliyan 15. A 1912 aka sa wa motar mai abin tada ta ba tare da juya ƙarfe ba. Ga man ya yi arha, don an haƙo shi da yawa a jihar Texas.

Amma babban dalilin shi ne wannan. Mai ana zuba shi a garwa, a ɗora wa jaki, a kai shi kowane ƙauye. Wuta ba a zuba ta a garwa.

Mu ma haka mota ta iso mana. A ƙarshen 1924, motoci takwas na kamfanin Citroën suka taso daga Aljeriya, suka ƙetare hamada, suka biyo ta Yamai. Sun sauka Tasawa, Sarki Barmu ya tarbe su, suka wuce Damagaram da Tafkin Cadi. Ba wani sihiri suka yi ba. Tun kafin su taso, an riga an kai musu mai an aje zango zango. Daga baya motocin gyaɗa suka biyo, aka yi kwalta. Ga ta nan yau ta ratsa Gidan Runji, ta bi ta Agye da Gazawa. Duk inda kuka duba a bakinta, ga mai cikin kwalabe.

Yadda ta dawo

Motar lantarki ta yi barcin shekara kusan tamanin. Abin da ya tada ta yana cikin aljihunku. A 1991 kamfanin Sony na Japan ya fara sayar da wani sabon batir na ƙarfen litiyam. Ba shi da nauyi, yana kuma riƙe wuta da yawa. Shi ne ke cikin salula. Sai masu ƙera mota suka ce, in aka haɗa dubbansa wuri ɗaya fa? A 2008 kamfanin Tesla na Amurka ya fito da mota mai tafiyar fiye da kilomita 300 kafin a sake yi mata caji. Yau ƙasar Sin ce ta fi kowa ƙera su. A ƙasar Norwe, cikin sababbin motoci goma da aka saya a 2024, kusan tara na lantarki ne. A shekarar nan kuma Habasha ta hana shigo da ƙananan motoci masu shan mai.

Kada ku yi mamakin waɗannan biyu. Norwe da Habasha suna da manyan madatsun ruwa da ke ba su wuta mai arha. Tsohon sharaɗin nan na zamanin Ford bai canza ba. Mota tana zama inda abincinta yake.

Mu fa, ina abincinta? A Nijar, mutum ɗaya ne cikin biyar ke da lantarki a gida, a ƙauye kuwa bai kai haka ba. Mutanen Gazawa sun san manyan turakun ƙarfen nan da suka taso daga Katsina. A nan Gazawa wayar take rabuwa, hannu ɗaya ya yi Maraɗi, ɗaya ya yi Damagaram. A watan Agusta na 2023, bayan juyin mulki, Nijeriya ta yanke wutar. Ba ta dawo ba sai Maris na 2024. Ku yi tunani, da motocin haya na wannan wayar suke sha, da wa zai kai mara lafiya asibiti?

Sai dai shi ma man ba amini ba ne. A watan Mayu na 2023 Nijeriya ta janye tallafin mai, kwalbar ƴan ruwa-ruwa ta yi tsada nan take. A Maris na 2025 kuma an yi dogayen layuka a gidajen mai, alhali muna da matatar SORAZ a Damagaram tun 2011.

Abin da muke da shi, wanda ba mai iya yankewa, shi ne rana. A Malbaza an buɗe gonar farantan sola tun 2018. A 2021 an buɗe wurin cajin mota da hasken rana a Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo ta Sakkwato. A Maiduguri wani saurayi, Mustapha Gajibo, ya riƙa cire injin ƙananan motocin haya yana sa musu batir, suna ɗaukar fasinja cikin gari. Amma ku lura da girman cikin. Batirin babbar mota yana cin wutar da za ta cika salula wajen dubu huɗu. Ɗan farantin da ke kan rufin mai cajin waya ba zai ƙosar da shi ba. Don haka a ganina, ba da babbar mota abin zai fara shigo mana ba. Da babur zai shigo, da adaidaita. Su cikinsu ƙarami ne, tafiyarsu gajera ce, daga gari zuwa kasuwa. Ɗan kabu-kabu da ke zuba rabin cinikinsa a tanki, shi zai fara gane ribar.

Akwai haɗari?

Akwai. A ƙasashen da suka daɗe da ita, ƙididdiga ta nuna ba ta fi motar mai yawan kama wuta ba. Amma in batirin litiyam ya kama, kashe shi da wuya. Yana iya mutuwa, can an jima ya sake tashi. Zafi kuma yana rage masa kwana, ga shi bazararmu tana wuce awo 40. Kada a bar shi cikin rana tsaka. Kada a yi masa caji a ɗakin da ake kwana. Wanda ya kumbura ko ya fashe, a fitar da shi nesa da danni da rumbu. Ƙarfin wutar batirin babbar mota ya fi na wutar gida, tana kisa. Makaniken da bai koyi aikin ba kada ya buɗe shi, ko da ya shekara talatin yana gyaran inji.

Wani haɗarin shi ne shiru. Yaranmu da dabbobinmu da kunne suke kauce wa mota. Wannan kuwa sai ta zo kusa ake jin ta. A Turai, tun 2019 doka ta tilasta a sa wa sababbin samfura abin yin ƙara in suna tafiya a hankali.

Mota ba direba

Wannan daban ce, kada ku haɗa su. Wani dattijo zai ce ai mun daɗe da irinta, don jaki ya san hanyar gida, ubangidansa na gyangyaɗi a amalanke shi yana tafiya. Gaskiya ne. Sai dai jaki ba ya gudun kilomita tamanin.

Ita wannan motar idanu gare ta na kyamara da wasu na'urori masu auna nisa. Kwamfuta ce ke duba abin da suka gani, ta juya sitiyari, ta taka birki. A 2004 sojan Amurka suka sa gasa cikin hamada, tafiyar fiye da kilomita 200. Ba wadda ta kai. Wadda ta fi ƙoƙari ko kilomita 12 ba ta cika ba. Shekara ta zagayo, a 2005, biyar suka kai ƙarshe. A 2020 kamfanin Waymo ya fara ɗaukar kowa da kowa a wani yanki na birnin Phoenix, kujerar direba ba kowa.

An yi asarar rai a hanya. Ran 18 ga Maris 2018, a garin Tempe na Amurka, wata mata tana ƙetare titi da dare, tana tura kekenta. Motar gwaji ta kamfanin Uber ta hango ta tun saura daƙiƙa biyar da wani abu. Amma kwamfutar ta rasa gane ko mene ne. Ta ce mota ce, ta ce keke ne, ta ce wani abu ne daban. Ba a koya mata cewa mutum yana ƙetarewa inda ba a zana masa wurin ƙetarewa ba. Wadda aka zaunar a ciki don ta sa ido kuwa, salula take kallo. Matar ta rasu.

Tun daga nan an gyara abubuwa da yawa. Kwamfuta ba ta barci a kan sitiyari, ba ta shan ƙwaya, ba ta tseren fasinja. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce fiye da mutum miliyan ɗaya ke mutuwa a hanya kowace shekara, Afirka kuma ta fi kowa shan wannan masifa. Saboda haka ba abin rainawa ba ce.

Amma har yau, cikin wasu birane ƙalilan take haya. Kafin a sake ta, sai an auna kowane titi an zuba mata taswirarsa. Yanzu ku kawo ta Gidan Runji ran kasuwa. Ga amalanken shanu ba fitila. Ga garken Fulani ya cika kwalta. Ga yaro ya biyo akuya da gudu, ga ƙurar hunturu ta rufe ido. Ga karen mota yana ɗaga hannu, direban gida ya gane nufinsa tun daga nesa. Daga kwalta in aka sauka zuwa ƙauyukan Agye, hanyar ma rairayi ce, kowace damina ruwa yana sake mata wuri.