Daga Tuƙin Hagu Zuwa A Daidaita Sahu: Abin Da Tarihin Dokar Hanya Ya Koya Mana

Yau titi za mu hau. Duk lokacin da aka ce gwamnatin jiha za ta yi wa dokar hanya gyaran fuska, sai ka ji mutane sun ce, "To, an zo karɓar kuɗi ke nan." Kafin mu yanke hukunci, bari mu waiwaya baya kaɗan.

Da yawanmu ba mu san cewa a hagu ake tuƙi a Najeriya da can ba, irin na Ingila. Ranar 2 ga Afrilu 1972, zamanin Janar Gowon, aka koma dama, domin a daidaita da maƙwabta irin su Nijar, Chadi da Kamaru. Ku duba fa, ƙasa guda ta sauya hannu a rana ɗaya! Abin ya zauna ne saboda an daɗe ana wayar da kai a rediyo da jaridu kafin ranar ta zo.

A 1988, zamanin Babangida, aka kafa FRSC, 'yan Rod Sefti, da Farfesa Wole Soyinka a matsayin shugabanta na farko. Su ne suka fara tilasta sa hular kwano ranar 1 ga Janairu 2009. Me ya faru a Kano? Wasu 'yan acaɓa suka kifa ƙwarya a kai. Mun yi ta dariya, amma akwai dalili: hula ta yi tsada, fasinja kuma yana ƙyamar sa wadda wani ya cire, ga jita-jitar asiri. Dokar ceton rai ce, sai dai ba a zauna da mutanen da za su bi ta ba. Yau leƙa titi ka ƙirga masu hular.

Sai A Daidaita Sahu. Sunan shirin gyaran tarbiyya ne na gwamnatin Malam Shekarau, wadda ta kawo baburan masu ƙafa uku don mata su huta da hawa acaɓa. A 2012 gwamnatin Kwankwaso ta kafa KAROTA. A Janairun 2013, bayan harin da aka kai wa Sarki Ado Bayero, aka hana acaɓa a Kano. Matasan da suka rasa sana'a suka koma ina? Da yawa A Daidaita Sahu suka kama, har ta zama ƙafar talakan birni.

Shi ya sa a Janairun 2022, da direbobinta suka tafi yajin aiki kan kuɗin sabunta rajista, gari ya tsaya cak: ɗalibai, 'yan kasuwa, ma'aikata, kowa a ƙasa. A Nuwamban shekarar aka hana su bin wasu manyan tituna, amma ba a je ko'ina ba aka dakatar da dokar, domin jama'a sun rasa abin hawa.

To 'yan uwa, idan sabon ƙudiri ya iso majalisar jiha, tambayoyi uku nake so mu riƙe. An zauna da direbobi da fasinjoji? Wanda za a hana sana'a, me aka tanadar masa? Kuɗin tara, asusun gwamnati zai shiga da rasit, ko aljihun wani?

Mu ma da namu laifin: gudun wuce sa'a, lodi fiye da ƙima, waya a kunne, wasan mota ranar biki. Kusan kowannenmu ya taɓa zuwa jana'izar wanda titi ya ci. Saboda haka idan an kira zaman jin ra'ayin jama'a, mu nemi ƙudirin mu karanta, mu je mu yi magana, kar mu tsaya a Facebook kawai.

Ku gaya mana a ƙasa, wace doka kuke so a fara gyarawa a jiharku? Allah Ya tsare hanya. Sai mun haɗu a shiri na gaba.