Katkat ta ƙi tashi: abin da ake dubawa a gida

A Gure, tsofaffin motocin Land Cruiser masu shan gazuwal ne ke kai mutane da kaya Tasker, inda kwalta ba ta kai ba. Da yawansu na da injin 1HZ, wanda Toyota ta fara ƙerawa a 1990. Injin ba ya aiki da kwamfuta, shi ya sa direba ke iya gyara ƙananan matsaloli a ƙofar gida, ba sai an ja motar zuwa Damagaram ba, tafiyar kusan kilomita 160.

Idan an murza makulli injin bai juya ba, a fara da kawunan batir: a kankare farin gishirin da ya taru, a ɗaure su tamau.

Idan yana juyawa amma bai kama ba, galibi mai ne ba ya isowa, domin gazuwal ɗin jarka kan zo da ruwa da datti. A sassauta abin da ke toshe ƙasan filtar mai, ruwan ya tsiyaye, sannan a danna famfon hannu da ke samanta har ya yi tauri.

Baƙin hayaƙi da rashin ƙarfi kan nuna ƙurar hunturu ta toshe filtar iska. A cire ta a kakkaɓe, ko a sauya.

Abu biyu ne ba a yi: buɗe murfin radiyato injin na da zafi, da kwance babban famfon mai. Na farko na ƙona mutum, na biyu aikin ƙwararren makanike ne.