Tiga, Bagauda da Falgore: Gadon da Magada Suka Yi wa Yawa

Matafiyin da ya bar birnin Kano ta hanyar Zariya, sannan ya karkata zuwa Jos ta Tudun Wada, yana ratsa yankin da aka taɓa tanada domin ya zama wurin shaƙatawar mutanen birni da baƙinsu. Gwamna Audu Baƙo, wanda ya mulki Jihar Kano daga 1967 zuwa 1975, shi ya ɗora harsashin wannan buri. A zamaninsa aka gina madatsar ruwan Tiga a ƙasar Bebeji tsakanin 1971 da 1974, aka kafa otal ɗin Rock Castle a kan dutse yana kallon ruwan, aka kuma buɗe masaukin baƙi na Bagauda. Can kudu kuwa ga dajin Falgore, wanda ya shimfiɗu a Tudun Wada da Doguwa da Sumaila, an keɓe shi domin namun daji.

A nawa nazarin, ƙarfin wannan tsari shi ne rauninsa: hannu ɗaya ne ya riƙe komai. Da hannun ya saki, sai gadon ya rarrabu. Ruwan Tiga ya koma ƙarƙashin Hukumar Raya Kogunan Haɗeja da Jama'are ta Gwamnatin Tarayya, wadda aka kafa a 1976, kuma babban abin da ke gabanta noman rani ne a Kadawa da Kura. Madatsar Bagauda ta ɓalle a daminar 1988, daga bisani masaukin ya zama reshen Makarantar Horar da Lauyoyi ta Najeriya. Falgore kuma, da ɓarayin shanu suka mayar da shi maɓoya, sai sojoji suka kafa filin atisaye a cikinsa a 2017. Makiyaya na neman burtali, har gwamnatin jiha ta ware musu matsuguni a dajin Dansoshiya na Kiru. Masunta na neman kifi, manoma na neman fili, ƙananan hukumomi na neman haraji.

Kowanne daga cikinsu yana da hujjarsa, ban kuwa ga wanda zan ɗora wa laifin shi kaɗai ba. Sai dai baƙo ba ruwansa da iyakar ikon hukumomi. Hanya mai kyau yake so, da makwanci, da aminci, da jagoran da ya san daji, duka a tafiya ɗaya. Idan ɗaya ya gagara, ya fasa zuwa, mai sayar da kifi a bakin Tiga kuma ya kwana da kayansa. Rijiya ta bayar, guga ya hana.

Saboda haka nake ganin gyaran gine-gine kaɗai ba zai farfaɗo da yankin ba. Ana buƙatar majalisa guda mai ikon zartarwa, wadda za ta haɗa jiha da tarayya da hakimai da arɗo-arɗo da sarakunan ruwa, ta kuma yanka wa mazauna wurin kasonsu daga kuɗin shiga. Manomin Doguwa da bai taɓa cin moriyar baƙo ba, da wane dalili zai bar itacen Falgore a tsaye?