Bandar da Muke Ci, Ruwan da Ba Mu Gani

'Yan uwa, ƙasar Gumel, Maigatari, Gagarawa da Sule Tankarkar jigawa ce: ba kogi, sai rijiya da kududdufin damina. Amma tun zamanin kakanni mun saba da banda a miya. Daga gabas take zuwa, daga fadamun Haɗeja da Nguru, da kuma Tafkin Chadi.

A 1963 faɗin tafkin ya kai murabba'in kilomita 25,000. A zurfafan ruwansa masunta ke farautar giwan ruwa, kifin da kan fi ƙato nauyi. Sauran kamun, su tarwaɗa da ƙarfasa, a kyafe su, fatake su kwaso daga Baga zuwa kasuwanninmu.

Sai farin 1973 da na 1984 suka zo. Tafkin ya ja baya har ya gaza kaso ɗaya cikin goma na girmansa. Giwan ruwa, mai son ruwa mai zurfi, ta yi ƙaranci. Tarwaɗa, mai jure taɓo, ta gaji wurin.

Ba fari kaɗai ba ne. Madatsar Tiga ta 1974 da ta Challawa ta 1992 sun rage ambaliyar Kogin Haɗeja, wadda kifi ke bi ya hayayyafa a fadama. Kacalla kuma ta toshe hanyoyin ruwa. Masunta da dama suka jingine taru, suka ɗauki fartanya.

In banda ta yi tsada a kasuwar Maigatari ranar Alhamis, mu tuna lissafin ya faro ne daga ruwan da aka tare a Kano, da wanda ya ƙafe a Borno.