Bagire da Yanayi a Labaran Fatalwa na Zamanin Sarauniya Biktoriya

Zamanin Sarauniya Biktoriya, watau daga 1837 zuwa 1901, shi ne lokacin da gajeren labarin fatalwa ya zauna da gindinsa a adabin Ingilishi. Wanda duk ya nazarci waɗannan labarai zai tarar cewa fatalwar kanta ba ta cika daɗewa a idon mai karatu ba. Wurin da aka ajiye ta, watau bagire, da yanayin da aka lulluɓe shi da shi, su ne ke ɗauke da nauyin tsoratarwar. Tarihin wannan adabi kuwa tarihi ne na yadda bagiren ya yi ta matsowa kusa da mai karatu.

Kafin wannan zamani, marubutan labaran ban tsoro irin su Horace Walpole a 1764 da Ann Radcliffe a 1794 sukan kai mai karatu can Italiya, cikin tsofaffin fadoji masu ganuwa, a ƙarnonin da suka shuɗe. Komai tsananin firgicinsa, ya san akwai teku da ɗaruruwan shekaru tsakaninsa da abin. To, amma Ingila ta sauya. Ƙidayar 1851 ta nuna fiye da rabin jama'arta a birane suke zaune, layin dogo ya ratsa ƙasa, mujallu masu araha kuma sun yawaita. Charles Dickens ya kafa Household Words a 1850, sa'an nan All the Year Round a 1859, kuma yakan fitar da bugu na musamman a lokacin Kirsimeti, wanda iyali kan karanta a fili a gindin murhu cikin sanyin hunturu. Da yake shafukan kaɗan ne, marubuci ba shi da filin gina taurari da yawa, sai ya ɗora wa wuri aikin.

Matakin farko shi ne dawo da tsohon gidan nan cikin Ingila. A labarin Elizabeth Gaskell na 1852, The Old Nurse's Story, wata tsohuwar mai reno ce ke ba yara labarin wani gidan gado a arewacin ƙasar. An kulle sashe guda na gidan, ana jin sautin molon coci da ya daɗe da lalacewa, fatalwar wata yarinya kuma tana kuka a waje cikin dusar ƙanƙara. Sashen da aka kulle shi ne asirin da dangin suka binne, sanyin waje kuwa shi ne rashin imanin uban da ya kori 'yarsa da jikarsa.

Mataki na biyu ya fi muhimmanci, domin a nan ne fatalwa ta bar gidan gado ta shiga kayan zamani. A ranar 9 ga Yuni 1865 jirgin ƙasan da Dickens ke ciki ya yi haɗari a Staplehurst, mutum 10 suka rasu. A shekarar da ta biyo, 1866, ya buga The Signal-Man. Bagirensa wani kwari ne mai zurfi da aka sare cikin dutse domin layin dogo ya wuce. Bangayensa na tsattsafo da danshi, rana ba ta cika leƙa shi ba, ga jar fitila a bakin ramin da jirgi ke shiga. Ma'aikacin sigina yana zaune shi kaɗai, yana jin ƙararrawar waya na kaɗawa ba tare da wani ya buga ba, yana kuma ganin wani abu kamar mutum yana masa gargaɗi. Ya san masifa na tafe, amma ba shi da hujjar da zai aika wa manyansa. Daga bisani jirgi ya buge shi a daidai wurin. Kowane abin tsoro a nan kayan aikin reluwe ne da fasinja ya saba gani, kuma washegari cikin irin wannan jirgi mai karatu zai shiga.

Haka nan Sheridan Le Fanu, ɗan ƙasar Ailan, a labarinsa Green Tea na 1869, ya sa wani limamin coci ya fara ganin baƙin biri mai jajayen idanu a cikin keken dokin haya da magariba. Labarin bincike ma wannan turba ya bi. A The Speckled Band na Arthur Conan Doyle, 1892, ga tsohon gida da kukan dare kamar na Gaskell, sai dai Sherlock Holmes ya karanta ɗakin kamar wasiƙa: gado an kafe shi da ƙasa, igiyar ƙararrawa ba ta kaɗa komai, tagar iska kuma ɗakin maƙwabci take kallo. Abin da ya zama yanayi ga mai labarin fatalwa, shi ya zama shaida ga mai bincike.

Saboda haka, mai son sanin abin da ke damun mutanen wancan zamani, sai ya dubi inda suka ajiye fatalwowinsu: gidan gado, layin dogo da keken haya.