Ƙwallon Ƙarfe a Ƙarƙashin Gilashi

Duk wanda ya taɓa zama gaban kwamfuta mai Windows XP, a kafe ko a ofis, da wuya a ce bai ci karo da Space Cadet ba, wasan nan na ɗan ƙwallo mai karo da fitilu ana kaɗo shi da fukafukai biyu daga ƙasa. Ni dai da shi nake cinye lokaci idan intanet ta tsaya cak. Asalinsa ɗaya ne daga cikin teburan wasan Full Tilt! Pinball na 1995, kuma da Windows Vista ta fito sai aka neme shi aka rasa. Yawancinmu ta nan muka san finbol, ba mu taɓa ɗora hannu kan injinsa na gaske ba.

Shi injin, mai karatu, akwati ne mai ƙafa huɗu, an rufe samansa da gilashi, faifan katakon da ke ciki ya ɗan gangaro wajen mai wasa. Ka jefa kuɗi, ka ja sanda mai sifirin, ƙwallon ƙarfe ya harba sama. A birnin Shikago na Amurka sana'ar ta kafu, tun daga Baffle Ball da David Gottlieb ya fitar a 1931. A lokacin babu fukafukai, in ka harba sai ka zuba ido, don haka hukuma ta ce wannan caca ce. A 1942 magajin garin Niyok, Fiorello La Guardia, ya haramta shi, aka bi shaguna ana kwashe injuna ana farfasa su da guduma. Fukafukan sun zo a 1947 da injin Humpty Dumpty, amma haramcin bai tashi ba sai 1976, ranar da wani matashi, Roger Sharpe, ya buga wasan a gaban majalisar birnin, ya faɗi inda ƙwallo zai bi, ya kuma bi ta nan. Wato gwanintar hannu ce ta wanke wasan daga zargi.

Kasuwa ta bunƙasa a 1992, lokacin da aka sayar da injin The Addams Family fiye da 20,000. Shekara bakwai kacal bayan haka, a 1999, kamfanin Williams, wanda shi ne giwar sana'ar, ya rufe sashen finbol ya mai da hankali kan injunan caca. Abin dariya abin takaici: wasan da ya yi shekara talatin da 'yan kai yana rantsuwa shi ba caca ba ne, caca ce ta ture shi. Aka bar kamfanin Stern shi kaɗai yana ƙera sababbi na tsawon shekaru.

To, injin finbol ba littafi ba ne da za a ajiye a kanta ya shekara ɗari. Robobinsa na bushewa, fitilu na mutuwa, ƙwallo na cinye fentin katako, wayoyi na tsinkewa. Idan kamfani ya daina yin kayan gyara, injin yana hanyar bola. Waɗanda suka tare wannan asara, a ganina, su ne suka fi cancantar a rubuta sunansu, ga shi kuwa yawancinsu ba a biya su ko sisi ba. A 2000 wani mai suna Randy Davis ya fitar da manhajar Visual Pinball kyauta, wadda kowa zai iya zana tebur a cikinta. Aka haɗa ta da wata manhajar, PinMAME, mai karanta ainihin umarnin da ke cikin ƙwaƙwalwar tsohon injin. Sai mutum ya tsuguna gaban injinsa da abin awo da kyamara, ya auna kowane lungu, ya ɗauki hoton kowane zane, ya gina shi a kwamfuta. Sauti da ƙidayar maki da dokokin wasa duk na asali ne, ƙwallon ne kawai na lissafi.

Nan kuma gizo ke saƙar. Ƙwallo na gaske yana da nauyi, yana juyawa, ƙura ma tana canza masa tafiya, kuma gwani yakan ɗan tunkuɗi akwatin da ƙugu don ya karkatar da shi, ba tare da ya wuce gona da iri na'urar gano girgiza ta kashe masa wasa ba. Abin da Sharpe ya nuna wa majalisa ke nan, shi ne kuma ya fi wuyar kwaikwaya. Shi ya sa wasu suke ƙera akwati a gida, su kwantar da talabijin a madadin faifan, su sa na'urar jin motsi da 'yan ƙarafa masu bugawa don hannu ya ji wani abu.

Kamfanoni ma sun shigo. FarSight Studios ta fitar da The Pinball Arcade a 2012, da izinin masu haƙƙi, ta kwaikwayi tsofaffin tebura masu yawa. A tsakiyar 2018 izinin teburan Williams da Bally ya ƙare, aka cire su daga kasuwa. Wanda ya saya ya tsira da nasa, wanda bai saya ba ya makara. Izinin ya koma hannun Zen Studios ta ƙasar Hangari. Na 'yan sa-kai kuwa ba su dogara da wata yarjejeniya ba, ko da yake batun haƙƙin mallaka a kansu bai taɓa fita sarai ba.

Sha'awar da ta ƙi mutuwa ta sa aka koma ga katako da ƙarfe. Medieval Madness na 1997, wanda kusan 4,000 kawai aka ƙera, ya yi tsada a hannun masu tarawa har Chicago Gaming Company ta sake ƙera shi sabo, ya fara isa hannun masu saye a 2015. Attack from Mars da Monster Bash suka biyo baya. Wanda ya fi taɓa ni shi ne Cactus Canyon na 1998. Guda 903 aka yi aka tsaya, manhajar cikinsa ma ba a gama rubuta ta ba Williams ta rufe sashen. Da aka sanar da sabonsa a 2021, sai da aka zauna aka ƙarasa dokokin wasan da masu shi na farko suka bari a rabi.